Ranar da Na Faɗi Kuɗin Gidanmu

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar shiga aiki, bakina cike da Faransanci, jakata cike da takardu, na yi wani abu da har yau babu wanda ya taɓa kama ni da laifinsa. Ban saci komai ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Magana ɗaya na faɗa a tsakar gidanmu a gaban dangi, gaskiya ce kuwa tsagwaronta. Yau na ga ya kamata in ba ku labarin, tunda waɗanda za su ji nauyinsa yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, mu da muka rage kuma mun daɗe da yafe wa juna.

A Zangon Kwatano aka haife ni, a gidan da kakana ya gina. Shi daga arewa ya gangaro da fatauci, ya ga wuri ya zauna, ya zama mai masauki. Ga wanda bai san yadda abin yake ba: falke zai taso daga Sakkwato ko Maraɗi ko Kano da kayansa, bai san gari ba, ba ya jin yaren Fon, ba ya jin Faransanci. Sai ya sauka a gidan mutum irin kakana. A ba shi ɗaki, a adana masa kaya, a raka shi kasuwa, a tsaya masa in rigima ta taso. In ya sayar ya yi wa maigida alheri ya tafi, baɗi ya dawo. Da kakana ya rasu mahaifina ya riƙe gidan. Shi ma da ya rasu, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a lokacin, sai riƙon ya koma hannun ƙaninsa, Baffa.

Gida ne dogo, zaure da ɗakunan baƙi a gaba, mu iyali a can ciki. Ba zan yi muku ƙarya in ce kyakkyawa ba ne. Kwanon rufin ya yi tsatsa saboda iskar teku, da damina sai an jera bokitai. Amma ban taɓa ganinsa shiru ba. Mahaifiyata, Inna, ita ke da murhu. Da safe waina, da yamma tuwo, baƙin Baffa su ci, telolin layinmu su aiko da kwano, 'yan canji da direbobi su zauna a benci a ƙofar gida. Da kuɗin wainar nan aka biya mini makaranta har na gama.

Wani abu kuma da ya kamata in faɗa don kada in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba: tun kafin in yi abin da na yi, sana'ar masauki ta fara ja da baya. An buɗe kasuwa, kowa na iya shigo da kwantena ta tashar jiragen ruwa, bankuna sun cika unguwar Ganhi, waya ta shiga hannun kowa. Falken da a da sai ya zo da kansa, kuɗi ɗaure a ƙugu, yanzu daga shagonsa zai yi waya, ya turo kuɗi, a ɗora masa kaya. Matasan da ke zuwa kuma otal suke so. Baƙin Baffa suka ragu zuwa tsofaffi huɗu ko biyar da suka saba. Duk da haka gidan yana numfashi.

Ni kuwa na sami aiki a Ganhi, a wani buro, wato ofis, da ke yi wa gidaje da filaye kuɗi. Banki ko mai saye zai turo mu, a je a auna, a duba takardu, a rubuta rahoto cewa wuri kaza ya kai kaza. Nawa aikin buga rahoton ne a inji. Amma a Zango, in kun ga yadda nake saukowa daga zem, babur ɗin haya ke nan, ina gyara mayafi, sai ku rantse ni ce mai bankin.

Wata rana aka tura ni seminer na kwana biyu a wani otal mai sanyi kamar cikin firij. Wani mutum mai kwat da tabarau ya tsaya gabanmu ya ce talakan ƙasashenmu a kan dukiya yake kwance bai sani ba. Gidan da ba shi da titir, wato takardar mallaka ta hukuma, dukiya ce mai barci, in ji shi. In ka yi masa takarda ka tashe ta: banki zai san da kai, masu zuba jari za su zo, unguwa ta ci gaba. Na rubuta "dukiya mai barci" a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Aka ba mu shayi da biskit da jaka mai tambari. Na dawo gida ina jin kamar an yi mini wahayi.

Na sami Baffa a zaure bayan la'asar yana yanke farce. Na durƙusa na gaishe shi, na zazzage masa duk abin da mai kwat ya faɗa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Uwata, gidan da mutum talatin ke kwana a ciki, shi ne yake barci?"

Na ce, "Baffa, ba irin wannan barcin ba."

Ya ce, "To. Takardar da kakanku ya sayi wurin tana cikin akwatina. Unguwar nan kaf shaida ce. Me kuma ake nema?"

Da maganar ta tsaya nan. Sai ga shi bayan 'yan watanni wani abu ya faru a bayan layinmu. Wani macuci ya haɗa takardun ƙarya ya sayar da gidan wasu marayu, suna ciki ba su sani ba, sai da mai saye ya zo da ma'aikatan kotu. Shari'ar ta yi shekaru. Hankalin kowa ya tashi. Baffa da kansa ya aika a kira ni, ya miƙo mini tsohuwar takardar kakana a naɗe cikin leda, ya ce, "Je ki yi abin da kika ce. Kada a wayi gari a fitar da uwarki titi."

Na shiga aikin da ƙarfina. Jomet, wato mai awon fili, ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku ya auna gidan kusurwa-kusurwa. Na yi ta zirga-zirga tsakanin meri, wato ofishin magajin gari, da sauran ma'aikatu, yau a ce dosiye, wato fayil ɗinmu, bai cika ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. A nan ne aka ce mini tunda gidan na kakana ne, sai an rubuta sunan duk wanda ke da gado a ciki. Muka zauna da Baffa muna lissafa dangi. Ga mu 'ya'yan mahaifina da Inna. Ga Baffa. Ga gwaggonina biyu, ɗaya a Paraku ɗaya a Yamai. Ga 'ya'yan wani baffan nawa da ya rasu a Legas, waɗanda wasunsu ba su taɓa taka Zango ba. Mutum ashirin da uku. Kowa aka neme shi, kowa ya aiko da hotonsa da katinsa. Mutanen da a da suka san gidan a matsayin inda za su sauka in sun zo Kwatano, ranar suka san cewa suna da kaso a ciki.

Bayan shekara ɗaya da rabi titir ya fito. Na kawo wa Baffa, ya juya shi sama da ƙasa, ya sa mini albarka. Da na tsaya a nan, da wataƙila yau wani labarin nake ba ku. Amma rawar kai ba ta bar ni ba. Na roƙi shugaban buronmu ya duba mini takardar ya faɗa mini abin da gidan zai yi, don dai in sani. Ya dubi taswira, ya ga kusancinsa da tashar jiragen ruwa da babbar kasuwa, ya ɗaga gira. Ya ce ginin ba komai ba ne, filin ne abin. Ya rubuta lamba a 'yar takarda ya turo mini. Na ƙirga sifirin sau uku.

Mako biyu ina yawo da lambar nan a cikina kamar na haɗiyi garwashi. Sai aka yi sunan ɗan yayana. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, direban kamyo ne, babbar mota, yana ɗaukar kaya daga Kwatano zuwa Malanbil. Dangi suka zo daga ko'ina, har mutanen Legas. Bayan an ci an sha, da rana tsaka, ana zaune a tsakar gida, Baffa ya fito da titir yana nuna wa mutane. Sai wani ɗan baffana na Legas ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya yi dariya ya ce, "Duk wannan wahala a kan wannan tsohon kangon?"

Abin ya sosa mini rai. Na ce, "Kango? Ka san nawa buronmu ya yi masa kuɗi?"

Na faɗi lambar. Ba zan maimaita ta a nan ba, na faɗe ta sau ɗaya ya ishe ni.

Inna na riƙe da ludayi tana zuba kunu, hannunta ya tsaya a sama. Yaya ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ɗan Legas ya ciro waya ya mayar da ita naira, ya karanta da ƙarfi, wata mata ta ce innalillahi. Ni kuwa ina ta murmushi, ina jiran a yaba mini. Da na waiga sai na ga Baffa yana kallona. Babu fushi a fuskarsa. A hankali ya mayar da takardar cikin leda, ya ce, "Uwata, wa ya aike ki?"

Ban gane tambayar ba sai daga baya.

Ba a yi wata guda ba waya ta fara shigowa. Na Legas suna gaisuwa, sai a ƙarshe a ce, to ya maganar gida? Gwaggon Yamai mijinta ba lafiya. Wata 'yar'uwa tana da yara uku a makaranta. Dillalai kuma ban san ta ina suka ji ba, suka fara zarya a ƙofar gida, su sayi wainar Inna suna ci suna auna bango da ido. Babu mugu ko ɗaya a cikin danginmu, ina so ku riƙe wannan. Kowa da buƙatarsa ta gaske. A da sun haƙura saboda babu abin da za a raba, ɗaki ne da rufi mai yoyo. Yanzu kowa in ya kwanta ya san kasonsa, har ya kashe shi a zuci.

Wanda ya fi ba ni mamaki Yaya ne, don shi a gidan yake da matarsa da 'ya'yansa. Na tare shi wata safiya yana shirin tafiya, na ce, "Yaya, har da kai? Ina za mu kai Inna?"

Ya ajiye jakarsa ya ce, "Shekara goma sha biyar ina tuƙa kamyon wani. Bayana ya mutu a hanyar Malanbil. In na kwanta ciwo mako ɗaya, wani za a ba makullin. Ke kina cikin sanyi kina buga inji. Ke kika ce dukiya ce take barci, ko ba ke ba ce? To ni nawa nake so a tasar mini."

Maganata ce ya maido mini, ko wasali bai canza ba.

Sai na ce bari in gyara ɓarnar da na yi. Tunda an ce da titir banki zai san da mu, sai mu da ke cikin gidan mu karɓi kuɗi mu sallami masu son fita. Na ɗauki takardar na shiga wani banki a Ganhi da kwalliyata. Wata budurwa mai fara'a ta karɓe ni, ta yaba titir ɗin. Sannan ta tambaye ni abin da gidan ke shigarwa a wata, da takardun shaida. Na fara ba ta labarin baƙin Baffa da wainar Inna. Ta ce akwai rasit? Akwai rajistar kasuwanci? Akwai asusu? Waina ba ta da rasit. Alherin da falke ke yi wa maigida ba a rubuta shi. Albashina kuma ko kusa bai kai ba. Ta rufe fayil ɗin cikin ladabi ta ce, "Madam, takardarku ba ta da aibu. Ku ne ba ku da dosiye." Na gwada wasu wurare biyu, amsar ɗaya ce.

Baffa ya yi shekara biyu yana jan ƙafa. Daga ƙarshe aka kai maganar gaban limamin unguwa. Liman ya ce abin da kowa ya sani: gado haƙƙin magada ne, in wasu sun nemi nasu kuma gida ba ya rabuwa, sai a sayar a raba. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai marayu a ciki. Ba zan shiga kabari da haƙƙinsu ba. A sayar."

A buron notar aka yi cinikin, shi ne mai hatimin da ke tabbatar da irin wannan sayayya. Muka cika ɗakin, wasu a tsaye. Mai sayen bai zo ba. Wani saurayi ne mai turare ya zo da takardar wakilci daga wani kamfani. Ya yi mana jawabi mai daɗi: za a gina bene, shaguna a ƙasa, magaza na ajiyar kaya a baya, matasan unguwa za su sami aiki. Aka yi ta miƙa alƙalami. Da aka zo kan Inna aka kawo tawada ta dangwala yatsa. Kafin ta dangwala ta ce mini, "Ke, tambaye shi, wane ne mai gidan? Ina so in gan shi. Akwai tsohuwar da ke jikin bangonmu, ta ƙofarmu ruwan gidanta ke fita, kada a toshe mata."

Na fassara. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Ki gaya wa Hajiya kamfani ne."

Inna ta ce, "Kamfanin ba shi da mutum?"

Ya ce masu shi suna da yawa, wasu ma ba a ƙasar suke ba. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta dangwala.

Wata uku aka ba mu. Ba zan tsaya ba ku labarin kwashe kaya ba, duk wanda ya taɓa tashi daga gidan da aka haife shi ya sani. Baffa ya koma Akpakpa, ɗaki ɗaya a gidan hayar ɗansa, can ƙetaren gada. Yaya ya kama haya a wani wuri. Ni da Inna muka haɗa kasonmu. A Zango ko ɗaki biyu ba zai saya ba, don yanzu kowane mai gida ya ji abin da aka ba mu. Sai a unguwar Agla muka sami ɗan wuri, a gangare, muka yi ɗaki biyu da falo.

Bayan tashinmu da 'yan makonni, wani tsoho basakkwace da ke kawo takalman fata duk shekara tun zamanin mahaifina ya sauka a Zango da buhunansa. Ba ya riƙe waya. Ya tarar da leburori a kan gidan suna ɓamɓare kwano. Maƙwabta suka sa shi a mota zuwa Akpakpa. Baffa ya ba shi ruwa, ya ba shi abinci, suka yi sallah tare. Da yamma ta yi sai da ya raka shi wani masallaci ya roƙa masa wurin kwana. Baffa ne ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce, "Tun da nake, ban taɓa ce wa baƙo babu wuri ba sai ranar." Tsohon bai sake zuwa Kwatano ba.

A Agla Inna ta gwada dasa tanda a ƙofar gida. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, suka saya kwana biyu don kara, amma su da nasu irin abincin. Kullum ƙullu ya yi saura. Wata rana na dawo aiki na tarar ta wanke tandar ta kife a bayan ɗaki. Ba ta jin Fon sosai, su ba sa jin Hausa, sai gaisuwa da hannu. Da damina ta sauka muka gane dalilin arahar wurin. Ruwa ya shigo har falo, muka ɗora gado a kan bulo. Matar da ta yi shekara arba'in ba ta zauna ba sai don sallah, ta koma zama a kan gado, ƙafa a naɗe, tana kallon ruwa. Duk Juma'a takan hau zem ta je Zango ta yini wurin tsofaffin ƙawayenta. Da gwiwa ta matsa mata, wannan ma ta bari.

Kuɗin kuwa kowa da yadda nasa ya yi. Ɗan Legas ya buɗe shago, har yau yana ci, Allah ya ƙara masa. Gwaggon Paraku ta sauke farali, duk sanda muka yi waya sai ta sa mini albarka, in rasa inda zan sa kaina. Yaya ya sayi kamyonsa, tsoho amma nasa. Ya yi shekara biyu yana walwala, har ya yi ƙiba. Sai naira ta faɗi, masu sayen kaya suka janye, daga baya kuma aka rufe iyakar Najeriya. Motar ta yi ta zama a gareji tana cin kuɗin gyara, har ya sayar da ita a wulaƙance. Yanzu yana tuƙa ta wani.

Gidanmu fa? An rushe shi cikin mako guda. Aka zagaye filin da katanga, aka sa ƙyauren ƙarfe da kwado. Muka zuba ido mu ga bene. Shekara ta wuce, biyu, uku. Ciyawa ta fi mutum tsawo. Mutane suka fara jefa shara ta saman katanga. Tsohuwar da Inna ta yi wa magana, an toshe mata hanyar ruwan kuwa, sai da 'ya'yanta suka fasa wata.

Wata safiya a buro aka ajiye mini dosiye in buga rahoto. Na buɗe, na ga lambar titir ɗin da na yi shekara ɗaya da rabi ina bi. Ko a mafarki na san ta. Na karanta. Kamfanin da ya saya daga hannunmu ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani, wannan na ukun kuma yana so ya jinginar da filin a banki ya karɓi kuɗi ya sayi wasu filayen. Kuɗinsa ya ninka abin da aka ba mu. Ko bulo ɗaya ba a aza ba.

Na shiga wurin shugabanmu da takardar a hannu, na ce, "Yaushe za su yi ginin?"

Ya cire tabarau ya ce, "Wane gini, Madam? Gini wahala ne: siminti, leburori, 'yan haya masu rigima. Wannan a kwance yake yana haihuwa. Mai hankali ba zai taɓa shi ba." Sai ya lura da fuskata, ya tuna. Ya ce in ina so a ba wani ya buga. Na ce a'a, aikina ne.

Na koma na zauna. Akwai layin da ake cikewa a irin wannan rahoto, inda ake bayyana halin da wuri yake ciki. Da yatsuna na buga cewa fili ne wayam, babu gini, babu mazauni, babu wata matsala. Wannan rashin kowa ɗin shi ne abin da ya ƙara masa daraja. Na gama, na kai aka sa hannu, na shiga banɗaki na kulle ƙofa na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo na ɗauki dosiye na gaba.

Ranar Lahadi na ƙetara gada na je gaida Baffa. Ya rame, idonsa ya fara hazo. Na gaya masa abin da na gani, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Uwata, takarda kika kawo, ni na aike ki. Ba don ita ba, da wataƙila ɓarawo ne ya cinye mu, ko sisi ba mu gani ba. Zamani ne ya zo, da ke da babu ke zai shigo." Na ɗauka ya gama. Sai ya ƙara da cewa, "Sai dai da kin bar lambar nan a cikinki, da na mutu a ɗakina." Bai faɗa da zafi ba, yadda ake faɗin cewa hadari ya haɗo haka ya faɗe ta. A wannan shekarar ya rasu.

Inna ta bi shi bayan shekara biyu, cikin damina. Layinmu na Agla ya cika da ruwa, mota ba ta shiga. Mutanen Zango da suka ji sun yi ƙoƙari, wasu suka naɗe wando suka ratso, wasu suka tsaya a bakin titi. Sahu biyu aka yi mata. Matar da ta ciyar da rabin unguwa. Na san yawan sahu ba shi ke kai mutum aljanna ba, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma na ƙirga, kuma ban iya mantawa ba.

Yanzu shekaru sun ja, na yi aure, na haihu. Har yau ina wannan aikin, na ma sami ƙarin girma, ni ke zuwa awo da kaina. Ba na zagin takarda, ba na zagin banki. In maƙwabtanmu na da suka zo neman shawara, ina taimaka musu su yi titir, don na ga abin da rashinsa ke jawowa. Abin da na daina yarda da shi, shi ne cewa in kuɗin wuri ya tashi, mutanen wurin sun ci gaba. A layinmu kuɗi ya tashi sosai. Telolin sun watse, masu abinci sun watse, gidaje huɗu sun bi namu, biyu sun zama magaza, biyu katanga ce da kwado. A rahoto, unguwar ba ta taɓa yin arziki kamar yanzu ba.

In wani ya jawo ni gefe ya ce, "Don Allah, tsakaninmu, nawa gidanmu zai yi?" sai in tambaye shi ko akwai tsoho a gidan. In ya ce akwai, in ce ya je ya dawo bayan ransa. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi su tafi wurin wani. Na san ba na hana komai, jinkiri kawai nake saya wa tsohon.

Ni dai ga inda na tsaya. Babu gida ɗaya a Zango da ba zan iya faɗa muku kuɗinsa a tsaye ba, ko takarda ban duba ba. Amma da Sallar da ta wuce, bayan an sauko daga idi, 'ya'yana sun yi kwalliya sun shiga mota, babbar ta ce, "Mama, gidan wa za mu fara zuwa?" Na riƙe sitiyari, inji na aiki, na daɗe ban sa giya ba.